Farin zaren da ke tsakanin layi da ciko

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni abin da ya sa tambarin Islamiyyar nan da ka zana a manhajar zane ta CorelDRAW yake nuna wani siririn farin zare tsakanin baƙin layin gefe da koren cikonsa, alhali ka haɗa su baki da baki. Kiran magariba ya katse mu. To ga amsarka, ɗana.

Kafin ka taɓa komai, zuƙo wurin. Kai shi kashi 800, ka wuce har 3000. In zaren yana ƙara kauri kana zuƙowa, rata ce ta gaske, hannunka ne ya kuskure. In kuwa ya tsaya siriri kamar silin gashi, ko ya ɓace nan ya ɓullo can, to ba ya cikin zanen, allon ne yake ƙirƙiro shi. Na buɗe fayil ɗinka da safe, naka irin na biyun ne.

Zanen irin wannan manhaja lissafi ne zalla, ba ɗigo a cikinsa. Shi kuwa allo ƙananan gidaje ne masu kusurwa huɗu, waɗanda ake kira fiksel. Duk inda bakin zane ya ratsa gida ta tsakiya, sai manhaja ta sirka launin da na bayansa, don kada gefen ya fito kamar haƙoran zarto. Ɗauki gida guda da iyakar kore da baƙi ta raba biyu. Kore ya fara zuwa, ya tarar da fari, aka sirka rabi da rabi. Sai baƙi ya zo. Manhajar ba ta riƙe wane ɓangare kore ya rufe ba, abin da ta sani kawai baƙi na da rabi, sai ta sake sirkawa a kan abin da ta tarar. Nawa ya rage na fari? Rabin rabi, wato kashi 25 cikin 100. Jera irin wannan gida a tsawon gefen duka, ga zarenka nan.

Abin haushin shi ne da ka bar layin yadda ya zo, da ba ka ga komai ba. Layin gefe a kan iyaka yake zama, rabinsa waje, rabinsa a kan ciko, don haka ba kafar da fari zai leƙo. Kai ne ka danna Ctrl+Shift+Q ka mai da shi siffa mai zaman kanta, sannan ka datse koren da shi, wai don aiki ya yi tsaf. Ka taɓa ganin kafinta ya jera kwanon rufi baki da baki? Ɗora wani yake a kan wani, in ba haka ba ruwan Agusta ya kwana a ɗaki. Mai da koren ƙasa cikakke, baƙin ya hau kansa. In ka riga ka datse kuma kana ƙyashin sakewa, ba wa koren nasa layin gefe mai launinsa, siriri, ya kutsa ƙarƙashin baƙin. A rubutu mai ƙananan haruffa kuwa, danna F12 ka zaɓi a tura layin bayan ciko, don kada ya cinye jikin harafin.

Kada ka ce tunda ƙaryar allo ce ba ruwanka. Ka fitar da shi a hoton JPG mai ɗigo 72 a kowane inci, ka ga an toya zaren cikin hoton, haka kuma zai fito a kan bana, wato ƙyallen talla. Fitar da PDF, ko ka ɗaga ɗigon zuwa 300.

Bugun riga da na injin faranti kuwa, nasu ciwon daban ne, ko da yake maganin ɗaya. Can kowane launi shi kaɗai ake bugawa, kuma yadi na motsi, takarda na miƙewa. Ina kamar shekarunka na karɓi aikin riguna na wata ƙungiyar matasa da za su Sallar Gani a Daura, ja da baƙi, na datse su daidai wa daida irin naka. Da na ɗaga firam ɗin buga launi na biyu, sai ga farin yadi yana min dariya ta gefen hagu na kowane harafi. Maigidana bai ce uffan ba, ya dai cire kuɗin rigunan daga hannuna wata uku. Shi ya koya min cewa launi mai haske ake faɗaɗawa ya shiga ƙarƙashin mai duhu, don ido bakin mai duhun yake bi. A takarda rubu'in foyin, wato ma'aunin kaurin layi, ya isa, bai ma kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Riga ta fi haka ci, ni foyin guda nake ba ta.

Je ka gyara, ka kira ni in gani kafin ka tura wa mai fileks, wato mai buga bana. Malamin Islamiyyar ya ce bayan la'asar zai biyo ta Ƙofar Ƙaura ya karɓa.