Bar shi ya yi tononsa

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar. Ka ce kakariki biyun nan, ƙananan tsuntsaye dangin aku, da aka bar maka amana sun hana ka sakat: ba sa zama a kan sanda, kullum suna ƙasan keji suna tono suna watsar da abinci, har kana tunanin ko ciwon ƙafa ne, ko kuwa ka rage musu fiffike su natsu. Kada almakashi ya kuskura ya taɓa su. Tonon nan ba ciwo ba ne. Ranar da ka shigo ka tarar da kakariki ya zauna shiru da rana tsaka ya kumbura gashi, ran nan ne za ka neme ni ko ina kan hanyar masallaci.

Abin da ya ruɗe ka, ka ɗauki ma'aunin aku da tsirya ka ɗora masa. Wannan tsuntsun ƙasar Niyu Zilan ne, sunan ma daga bakin mutanen Mawori, 'yan asalin ƙasar, ya fito: kaka shi ne aku a wurinsu, riki kuma ƙarami. Can a tsibiransu yakan sauko ƙasa neman abinci, yana share busasshen ganye da ƙafa kamar kazar gida. Wannan ɗabi'ar ce ma ta ja masa hasara, domin da ɓeraye da kyanwoyi da wasu dabbobin farauta suka shiga ƙasar tare da mutane, a ƙasa da cikin kogon itace suka riƙa samunsa. Mai jan goshi, irin wanda ke hannunka, ya kusa ƙarewa a manyan tsibiran biyu, sai a ƙanana irin su Kapiti da Tiritiri Matangi inda aka kawar da ɓera yake walawa. Shi ya sa a can sai da izinin hukuma ake ajiye shi a gida, kuma yana jeri na farko, wato mafi tsauri, a yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Idan wani ya zo yana rarrashinka ka sayar masa ko ka sayo masa, fara tambayar takarda kafin kuɗi.

To, tunda ka san ɗan ƙasa ne, aikinka ya koma daɓen keji. Jiya da dare ka duba shi? Ka san abin da Hausawa ke cewa, garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta. Haka yake ga wannan. Inda yake tono nan yake kashi, nan guntun gwaiba ke faɗuwa ya kwana ya yi funfuna. Daga nan tsutsar ciki ke shigarsa, daga nan kuma ciwon huhun da funfuna ke kawowa, wanda sau da yawa ba ka ganewa sai numfashi ya fara ƙara. Ba hana shi tono za ka yi ba, wurin tonon za ka gyara. Samo faranti mai faɗi, ka zuba yashi wankakke wanda ya sha rana ya bushe ƙarau, ka barbaɗa gero kaɗan a ciki, ka ɗora busasshen ganye mai tsabta. Ka koma gefe ka kalla. Zai diro, ya karkata kai, ya shara da ƙafa ɗaya, ya ɗauki ƙwaya, in babba ce ya riƙe ta da ƙafa yana ci kamar yaro da ƙosai. Sauran daɓen kuwa a share shi kullum, yashin a riƙa canzawa. Maganin tsutsa ka bar wa likitan dabbobi ya duba kashin ya auna. Tsuntsun da bai kai giram 100 ba, ba a yi masa awon magani da ido.

Kejin da na gani a hoton da ka turo dogo ne sama, siriri a gefe. Na aku ne. Kakariki tsawon kwance yake so, ya tashi daga wannan bango ya dira wancan. In a ɗaki ne, kada faɗin ya gaza mita 1, kuma a riƙa sakinsa yana shawagi bayan an rufe taga an kashe fanka. In akwai hali a yi masa ɗakin waya mai tsawon mita 3, ya fi komai. Ramin wayar ya zama ƙanana, wanda ɗan yatsanka ba zai wuce ba, saboda shi da kuma ɓera.

Sai ƙofa. A nan na ci tawa wuyar, shi ya sa nake ja maka kunne. Lokacin ina kamarka, na buɗe ɗakin tsuntsaye da kwanon ruwa a hannu, idona yana sama ina tsaron kada wani ya tashi ta kaina. Ashe nawa yana ƙasa. Ta tsakanin ƙafafuna ya bi a guje, ban ankara ba sai kore na hanga a kan katanga, daga nan ban sake ganinsa ba. Maigidana bai ce mini uffan ba, guduma da ƙusa kawai ya miƙo mini, na wuni ina haɗa ƙofa ta biyu. Ka shiga ta farko, ka rufe, sannan ka buɗe ta ciki. Kuma ka dubi ƙasa kafin ka taka, don ba ya tsoron takalmi.

Abin da ya fi damuna da su a hannunka shi ne zafi. Sanyi ba ya ba su tsoro, hunturun nan namu wasa ne a wurinsu, ƙurar kawai za ka tare musu. Amma bazararmu, lokacin da zafin rana ke kai maki 40 a ma'aunin Selshiyos a Afrilu, ba irin ƙasarsu ba ce. Kada kejin ya kwana ko ya wuni ƙarƙashin kwanon rufi tsirara. Nemi inuwa mai iska, ka rataya jiƙaƙƙen buhu ta gefen da iskar ke shigowa. In ka ga ya buɗe baki yana haki, ya ware fukafukai daga jiki, kada ka tsaya shawara: mai da shi wuri mai sanyi, ka fesa masa ruwa a hankali. Ruwan wanka kuwa kullum ne, a kwano marar zurfi. Za ka sha mamaki, sai ya jiƙe sharkaf har tashi ya yi masa wuya. Kwanon sha daban, kuma a canza shi sau biyu, don komai ya samu sai ya tsoma a ciki.

Abinci ba wuya. Gero da ƙananan ƙwayoyi, amma ganye da kayan lambu su yi yawa fiye da yadda kake ba aku: alayyafo, latas, karas, ɗanyar masara, tuffa ba tare da 'ya'yan cikinta ba. Ƙwayar sanfulawa da gyaɗa kaɗan, gyaɗar ma in ka ji warin ajiya a jikinta zubar. Fiya guba ce gare shi, haka cakulan da kofi. Albasa da abin gishiri ma a nesanta. Hayaƙin maganin sauro da na kaskon da ba ya kamu idan ya yi zafi sosai suna iya kashe shi cikin ɗan lokaci, don haka ba ruwansa da kicin.

Ka ce kana ganin mace da namiji ne. Dubi kai da baki, na namiji sun fi girma da faɗi. In haka ne, kada ka yi gaggawar rataya musu akwatin ƙwai. Tun suna 'yan watanni suke fara neman haihuwa, macen takan yi ƙwai 5 zuwa 9, ta kwanta kamar kwana 20, kuma kafin na fari su gama barin akwati sai ta soma wani zubin. In ka biye mata haka za ta ƙarar da kanta. Bari ta cika shekara, a ba ta dakakken ɓawon dafaffen ƙwai saboda ƙashi, kuma bayan zubi biyu a cire akwatin ta huta.

Gashin wuya da ka ce ya ɗan zube wa ɗayan, ɗauko mini hotonsa da safe cikin haske, ta baya da ta gefe. Yana iya zama sauyin gashi, yana iya zama ƙananan ƙwarin fata da ke yawan damun irinsu, akwai kuma cutar baki da gashi mai yaɗuwa wadda sai gwaji ke tabbatarwa. Kafin mu sani, raba musu keji, ka riƙa gama hidimar mai lafiyar tukuna, ka wanke hannu, sannan ka je wurin ɗayan. Ran Asabar in Allah ya kai mu zan biyo da waya da katako mu auna wurin ƙofar nan.