Tambaya da Amsa: Yawan ambato a Google Scholar shi ke nuna wa ya fi ilimi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a kimiyyar harshe nan Sakkwato. Ina cikin neman bayani kan asalin harsunan Cadi, wato dangin harsunan da Hausa take ciki, sai na faɗa shafin wata Baturiya masaniyar ƙwayoyin gado a Google Scholar, dandalin intanet da ke ƙidaya sau nawa wasu masana sunka ambaci aikin mutum, na ga an ambaci ayyukanta sau dubbai, har da takardun da sunka taɓa harsunan Afirka. Malaminmu kuwa da ya tsufa cikin nazarin Hausa, nashi ambaton bai taka kara ya karya ba. To ta fi shi sanin harshe kenan? Kuma mi ya haɗa jini da harshe tun farko? Daga ɗalibinka a Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. A'a, ba ta fi shi ba, kuma ina ga ita kanta ba za ta ce ta fi shi ba.

Mu fara da lambobin da sunka ruɗe ka, don ban da jimillar ambato akwai wata lamba da shafin ke nunawa. Wadda ake kira ma'aunin h, wani masanin fiziks ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ta a 2005. In an ce h ɗin mutum 20 ne, to yana da takardu 20 da kowacce anka ambata aƙalla sau 20, shikenan fa. Ba ta duba ko ambaton yabo ne ko ƙaryatawa, ba ta duba ko kai kaɗai ka rubuta ko ku hamsin ne. Shi ma Hirsch ɗin ya faɗi tun a takardar tasa cewa lambar tana bambanta daga fanni zuwa fanni. Ba a awon zinari da tiyar gero.

Masu nazarin ƙwayoyin gado suna da yawa a duniya, kuɗin bincike na shigo musu, mutum ɗaya sai ya fito a takardu da dama cikin shekara saboda aikin taron dangi ne, wani ya ɗebo jini wani ya yi gwaji wani ya zauna gaban kwamfuta yana lissafi, kuma kowace takarda sai ta jero ɗimbin wasu a ƙarshenta, ka ga ambato dole ya yi ta hauhawa. Takardar da anka daɗe ana cewa ta fi kowacce samun ambato, ta Oliver Lowry ce ta 1951, an ambace ta fiye da sau 300,000, kuma ba wani sirrin duniya ta tono ba, hanyar auna sinadarin furotin ce da kowane ɗakin gwaji ke buƙata. Shi kuwa malamin harshe galibi shi kaɗai yake rubutu, littafi guda ya ci mishi shekaru, masu karanta shi ba su da yawa, mafi yawan mujallunmu na gida ba su cikin Scopus, wani babban rumbun ƙidayar ambato, kundayen digirin da ɗalibai sunka cika da sunanshi suna can jibge a laburare ba a ɗora su a intanet ba, to ina na'ura za ta gan su? Amma aikin harshe yana da tsawon rai. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 har gobe ana buɗa shi.

Sai batun jini da harshe, nan ne maganar ta fi daɗi. Wanda ya fi fito da wannan haɗin shine Luca Cavalli-Sforza, ɗan Italiya da ya koyar a jami'ar Stanford, ya rasu 2018. A 1988 shi da abokan aikinshi sunka ɗauki al'ummomi 42, sunka zana bishiyar dangantakarsu ta jini, sunka jera ta kusa da rabe-raben harsuna sunka ce ga shi sun yi kama. Takardar ta sha ambato, amma wani kaso na ambaton nan masana harshe ne da na al'adu ke sukar ta, suna cewa wasu manyan gidajen harsunan da ya dogara da su ba a ma tabbatar da su ba. Google Scholar duk ɗaya ya ƙidaya su, mai yabo da mai suka.

Ba ka faɗi sunan Baturiyar ba, amma wadda ta yi fice a wanga fage ita ce Sarah Tishkoff ta jami'ar Fensilbaniya. Takardarta ta 2009 a mujallar Science ta duba al'ummomin Afirka 121. Je ka karanta jerin sunayen marubutan, sun haura 20, za ka ga Christopher Ehret a ciki, masanin tarihin harsunan Afirka. Kenan ita ma da ta zo kan harshe sai da ta nemo mai shi. A irin waɗannan takardu sunan farko yawanci shine wanda ya sha wahalar aikin, na ƙarshe shugaban ɗakin gwajin, na tsakiya kowa da ɗan abin da ya kawo, amma in ambato ya zo kowa cikakke ake rubuta mishi.

Abin da sunka gano ya shafe ka kai tsaye. Mu a harshe, tun rabon da Joseph Greenberg ya yi a 1963, Hausa tana reshen Cadi cikin gidan Afro-Asiya, gida ɗaya da Larabci da Amharik da harshen Buzaye. Greenberg ɗin nan ba baƙonmu ba ne, ya zauna ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 yana nazarin Maguzawa. Amma binciken 2009 ya nuna da yawa daga masu harsunan Cadi da anka gwada, jininsu ya fi kusa da na masu harsunan Nilo-Sahara, wani gidan harsuna daban. Sannan a 2010 Fulvio Cruciani da tawagarshi a Rum sunka bi wata alama da ɗa namiji ke gada daga uba, R-V88, sunka same ta da yawa cikin masu harsunan Cadi musamman arewacin Kamaru, sunka danganta ta da ƙetarowar Sahara lokacin da take da ruwa da ciyawa. Wagga hanya ta nuna nan, waccan ta nuna can, kuma ba lallai ɗayansu ƙarya ba ce, don alamar uba layi ɗaya tal take bi cikin tarin kakannin mutum.

Ni dai ban ga abin mamaki a nan ba, duk wanda ya tashi Sakkwato ya san haka ba sai an ɗebi jininshi ba. Gidaje nawa ka sani da za su lissafo maka asalinsu na Fulani tiryan-tiryan, amma in ka gaishe su da Fulatanci sai dai a yi dariya a amsa maka da Hausa? Haka Zabarmawan da sunka daɗe a nan. Jini dole ka gaje shi, harshe kuwa a tsakar gida da kasuwa da makarantar allo ake ɗaukarshi, cikin zuriya biyu ko uku yana iya canzawa kakaf. Kuma an taɓa yin ɓarna da haɗa su barkatai. Bajamushen nan Carl Meinhof ya cusa Fulatanci cikin abin da ya kira harsunan Ham, a zamanin da Turawa ke cakuɗa harshe da launin fata da kiwon shanu, Greenberg ne ya dage cewa harshe da hujjar harshe kaɗai ake raba shi, ya mai da Fulatanci wajen 'yan uwanshi Wolof da Serer na Senegal.

To a kundinka ka ambaci aikin masu jini, amma a matsayin shaidar ƙaurar mutane. In ka zo kan dangantakar Hausa da 'yan uwanta na reshen Cadi irin su Bole ko Ngizim, koma wa masu kwatanta kalmomi da sautuka, irin aikin Paul Newman da Roxana Ma na 1966. In za ka auna masani kuma, kwatanta shi da tsaranshi a fanninshi, ka buɗe takardunshi biyu ko uku ka karanta da kanka, ka ga su wa ke ambatonshi kuma mi suke cewa.

Tunda ka fara rubutu, tun yanzu ka tsai da yadda kake rubuta sunanka. Na sha ganin mutum ɗaya a takardar nan Muhammad, a waccan Mohammed, a wata ya sa sunan garinsu a wata ya cire, na'ura ta raba shi mutum uku, ɗan ambaton da ya samu ya warwatse, ranar neman ƙarin girma ya rasa yadda zai tattaro shi. Ka buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike da ke haɗa ayyukanshi wuri guda, kyauta ce, ka riƙa manna ta a duk abin da ka fitar.