Na kammala jami'a zan kama aiki, amma ina ganin shekarun sun tafi a banza

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 26, haifaffen Agege a nan Legas, kuma na karanci ilimin akanta a wata jami'ar gwamnati. Karatun shekara huɗu ya ci mini kusan shida saboda annobar korona da yajin aikin malamai, kuma da sakamakon digiri na 2:2, wato mataki na biyu na ƙasa, na fita. Duk lokacin da aka rufe makaranta nakan koma kasuwar Mile 12 in riƙe wa mahaifina littafin ciniki a rumfarsa ta tumatir da albasa. Yanzu na gama hidimar ƙasa, wani ƙaramin kamfani a Ikeja ya ɗauke ni, zan fara aiki wata mai zuwa. Sai dai idan na waiwaya baya ban ga abin da na ƙaru da shi ba in ban da takarda, har ina jin nauyin a san cewa rabin zamana na jami'a a kasuwa na yi shi. Ta yaya zan shiga aiki da irin wannan zuciya?

Daga wani mai karatu, Agege

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya albarka a aikin da ka samu.

Bari mu fara raba laifinka da abin da ba laifinka ba ne. A shekarar 2020 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki daga watan Maris zuwa Disamba, a 2022 kuma suka sake yi daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wajen wata 17 ke nan, kuma duk wanda ya yi karatu tare da kai ya yi wannan zaman. Don haka ka daina lissafa jinkirin nan a cikin gazawarka. Shi kuwa 2:2 naka ne, kuma ba zan yaudare ka ba: manyan kamfanoni da yawa, musamman bankuna, suna sharɗanta 2:1, matakin da ke sama da naka, ga sababbin ɗauka, wasu har da iyakar shekarun haihuwa. Amma a fagenka akwai wata ƙofa, wato jarrabawar ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci da aka kafa a 1965. Bayan 'yan shekaru a bakin aiki, wannan shaida da ƙwarewar hannunka za a fi tambaya, ba makin da ka samu a aji biyu ba. Ka yi rajista tun a shekararka ta farko, kafin ɗawainiyar iyali ta hau kanka.

Inda na fi saɓa maka shi ne batun kasuwa. Na san Mile 12 da sassafe, lokacin da motocin Arewa suke sauke kwanduna, dillalai na ihu, 'yan dako na ratsa taɓo da kaya a ka, mata masu sari kuma suna taya kwando da Yarbanci ana mayar musu da Hausa da Turancin buroka. Wanda ya zauna a tsakiyar wannan hayaniya da biro da littafi, yana rubuta kwando nawa aka sauke, nawa aka biya kuɗin mota, wa ya ɗauka bashi zuwa Juma'a, nawa ya ruɓe kafin azahar har dole aka karya farashi, ai aikin akanta yake yi, kuma a kan hajar da ba ta jiran kowa. A aji an koya maka sunayen abubuwan nan da ƙa'idojinsu. A rumfar mahaifinka ka ga yadda bashin da ba a karɓo ba yake hana a biya direba. Ɗalibai da dama sun fita da sakamakon da ya fi naka ba tare da sun taɓa duban idon wanda ake bi bashi sun tambaye shi kuɗi ba. (Ni kaina sai da na kai shekara talatin kafin na iya wannan ba tare da muryata ta yi rawa ba.)

Abin da ya sa ba ka ga ƙaruwarka ba shi ne kana neman ta a cikin zuciya, alhali a cikin ayyuka ake ganinta. Kafin ranar kama aiki, ka ware yamma ɗaya ka ɗauki takarda, ka bi shekarun ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da ka iya a ƙarshen kowace shekara wanda ba ka iya ba a farkonta. Kada ka rubuta kalmomi irin su haƙuri da juriya, domin kowa na iya da'awarsu. Ka rubuta ranar da ka fara tsayawa gaban aji ka yi bayani, da darasin da ka faɗi ka maimaita, da dalilin faɗuwar na gaskiya. Idan dalilin jinkirta karatu ne sai jarrabawa ta matso, to ka san wannan hali zai biyo ka ofis, inda rufe lissafin ƙarshen wata ba ya ɗaguwa don wani.

Sauran shiri kaɗan ne. Ka karanta takardar ɗaukar aikinka da kyau, ka san tsawon lokacin gwaji, ka kuma tambaya ko kamfanin yana cikin tsarin dokar fansho ta 2014, wadda a ƙarƙashinta ake cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10. Ka yi sa'a Agege da Ikeja suna kan layin jirgin ƙasa na Red Line da ya fara jigila a Oktoban 2024. Ka gwada hanyar sau ɗaya da safe kafin ranar farko, ka auna ta da motar haya ta danfo.

Sannan ka je wurin mahaifinka ka roƙe shi ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan cinikin nan da ka cika da rubutunka. Ranar da shugabanka a ofis ya tambaye ka ko ka taɓa riƙe lissafi, ka ce masa e, a Mile 12, ka kuma gaya masa tsawon lokacin da ka yi.