Tambaya da Amsa: Awa 200 a Hannu, Jirgin Fasinja ko na Alhaji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya da lasin CPL na tuƙin jirgin kasuwanci, awannina sun ɗan haura 200. Kawuna ya yi mini hanyar zama mataimakin matuƙi a jirgin wani attajiri a Abuja, ga kuma wani kamfanin jigilar fasinja na cikin gida yana ɗaukar sababbi. Albashin attajirin ya fi tsoka. Wanne zan kama? Daga Aminu, Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Aminu. A matakin da kake, awannin tashi su ne jarinka, albashi yana biye da su. Kafin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta ba ka lasin ATPL, wanda sai da shi za ka zama kyaftin a jirgin fasinja, sai ka tara awa 1,500, ciki har da awa 100 na tuƙin dare da 75 na tuƙi da na'urori kaɗai. Ke nan da sauran kusan 1,300 a gabanka. A ce kamfanin fasinja yana ba ka awa 60 a wata, cikin shekara biyu ka kai. Jirgin Alhaji kuwa sai ran da Alhaji ya yi niyyar tafiya. Idan awa 20 kake samu a wata, sai ka haura shekara biyar.

Ba yawan awannin kaɗai ba. Mai tuƙa jirgin fasinja irin ATR 72 ko Embraer 145 tsakanin Kaduna, Abuja da Legas yakan tashi ya sauka sau da dama a yini, kuma da kyaftin daban-daban. A nan hannu yake faɗawa, musamman lokacin hunturu da hazo ke rufe filin Kaduna da na Kano, dole ka bi na'ura har ka hango titin sauka. Ga kuma gwajin ƙwarewa duk wata shida, wanda kamfani ke ɗaukar nauyinsa.

Kafin ka amsa wa kawunka, ka binciki samfurin jirgin. Akwai ƙananan jirage irin su King Air da aka amince matuƙi ɗaya ya tuƙa su. Idan ka zauna a kujerar mataimakin matuƙi ta irin wannan, ba lallai a lissafa maka awannin duka ba, sai ka shekara kana cika littafin awanninka da abin da ba zai shiga lissafi ba. Sannan kamfanin inshora yakan gindaya mafi ƙarancin awannin wanda zai zauna gaba, kuma sau da yawa mai 200 bai kai ba, ko da kawu ya tsaya masa. Ka nemi ganin wannan a rubuce.

Aikin ma daban ne. Kai ne za ka bi shan mai, takardun izinin sauka, abinci, har jakunkuna, wayarka a kunne dare da rana. Abu mafi nauyi shi ne ranar da yanayi ya ɓaci, mai jirgi yana sauri zuwa ɗaurin aure, a ce sabon yaro ne zai goyi bayan kyaftin a ce ba za a tashi ba.

Mu dai shawararmu, ka fara da kamfanin fasinja. Idan ka samu Embraer 145 ma ka yi sa'a, domin shaidar ƙwarewarsa ɗaya ce da ta Legacy 600 da masu kuɗi ke hawa, ɗan horon bambanci kawai za a ƙara maka.

Tambaya: An ce ɗana ya sa hannu zai yi wa kamfani aiki na wasu shekaru a madadin kuɗin horonsa kan jirginsu. Da haɗari? Daga Hajiya Binta, Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, wannan tsari ne da aka saba, don horon da dala ake biyansa, galibi a ƙasar waje. Lauya ya karanta takardar, ya tabbatar bashin yana raguwa wata-wata, kuma yana faɗuwa idan kamfanin ne ya sallame shi ko ya ajiye jiragensa. Abin da za ku guje wa shi ne sayar da fili ku biya horon da kanku babu takardar ɗaukar aiki a hannu. Shaidar ƙwarewar da horon ke bayarwa tana buƙatar sabuntawa duk shekara, kuma idan ya yi kwana 90 bai tashi ya sauka sau uku ba, sai ya koma na'urar kwaikwayon tuƙi, da kuɗinku.