Ga mai neman inda zai karanta kwantum entangilmen

Ɗan'uwa, ka ce kana aji uku a fiziks nan KASU, Jami'ar Jihar Kaduna, kana neman inda za ka gane sarƙewar ƙwayoyin zarra, wato kwantum entangilmen, inda ƙwayoyi biyu ke da alaƙar da ba a iya bayyana halin ɗaya ba tare da ɗayar ba, ko da sun yi nisa da juna. Fara da laccocin Leonard Susskind na Stanford a YouTube, kyauta ne kuma a hankali yake bi, ka sauke su da dare lokacin da data ke araha. Amma wallahi in lissafin matiris (lambobin da ake jerawa layi-layi a tebur) bai zauna maka ba, za ka sha wuya, gyara shi tukuna. Sannan ka buɗe ƙarshen littafin David Griffiths mai suna Introduction to Quantum Mechanics, akwai gardamar Einstein da abokansa ta 1935 da amsar John Bell ta 1964, ka bi lissafin da biro da takarda. Masu cewa ana aika saƙo nan take ta hanyar wannan sarƙewa kuwa, ƙyale su, ba gaskiya ba ne.