Tambaya da Amsa: Ƙona leda a ƙofar gida da tsimin gawayi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a cikin birnin Kano. Masu kwashe shara ba sa shigowa lungunmu, saboda haka nakan tara ledoji in ƙona su da yamma a ƙofar gida, kuma da su nake hura gawayi. 'Yata ta dawo daga makaranta ta ce malaminsu ya ce hakan yana cutar da lafiya da muhalli. Shin gaskiya ne? Kuma in ni kaɗai na daina alhali maƙwabta ba su daina ba, me zai canza?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da malamin ya faɗa gaskiya ne. Daga sinadaran man fetur ake yin leda, kuma idan aka ƙona ta a fili ba ta cinyewa sarai, sai ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi mai shiga can cikin huhu, wanda ya fi tsanani ga ƙananan yara da tsofaffi da masu ciwon asma. Abin ya fi muni idan sharar ta haɗa da guntayen bututun roba ko rigar wayar lantarki, domin su kan fitar da guba mai daɗewa a jikin mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da yara ne suka fi shaƙar ta tun da su ne a bakin murhu. Don haka hura gawayi da leda shi ne abin da nake roƙon ki fara bari tun yau, domin ƙirare da karan dawa da totuwar masara duk suna yin wannan aikin.

Sai dai barin ƙonawa ba ya nufin a watsar da ita a titi. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Iska ce za ta kwashe ta zuwa kwata, daga nan ta toshe kwalbati, sai damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya koma cikin gidaje, wanda ya kwanta kuma ya zama gidan sauro. Duk wanda ya leƙa magudanar Jakara ya ga yadda take cike da leda. Mahauta sun saba tarar da ita a dunƙule cikin tumbin rago ko saniya, kuma sau da yawa ita ce dalilin da dabba ke ramewa ana ba ta dusa da harawa amma ba ta yin ƙiba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gonakin kewayen Kano, inda manoma suka daɗe suna ɗibar sharar birni su zuba a matsayin taki, yanzu kuwa takin da leda yake zuwa, tana hana ruwa ratsa ƙasa yadda ya kamata.

Tun da ƙonawa cuta ce zubarwa ma cuta ce, hanyar da ta rage ita ce ledar ta daina shigowa gida da yawa. Ki ba mai cefane jaka ko kwando, ki aiki yara sayen koko da ƙosai da kwano mai murfi kamar yadda iyayenmu suke yi, a zuba alala a gwangwani, tuwo kuma a kwashe shi a kula ba tare da an naɗe kowace malmala ba, musamman da yake zafi da maiƙo suna iya sa sinadaran roba su shiga abinci. Idan kina da ruwan da kika amince da shi, ko kina iya tafasawa ki tace ki zuba a randa, ledojin fiya wata za su ragu ƙwarai. Gorunan roba da gwangwanaye ki ware su, 'yan jari-bola suna saye. Ɓawon kayan miya da ragowar abinci na dabbobi ne. Abin da zai saura kaɗan ne, a ɗaure shi a buhu a kai inda motar shara take tsayawa.

Game da maƙwabta, kwashe shara haƙƙi ne a kan hukuma, kuma ya dace mutanen lungunku su kai kukansu ta hannun mai unguwa. Amma doka kaɗai ba ta isa ba. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma sun ga canji saboda sun tsaya a kan dokar. Nijar ta yi irin wannan doka a 2014, amma har yanzu leda tana nan a kasuwanninta, domin mai saye bai daina karɓa ba. Hayaƙin da kike tayarwa kuwa 'ya'yanki ne farkon masu shaƙa, saboda haka amfanin dainawar a gidanki zai fara bayyana ko da babu wanda ya bi sahunki.

TAMBAYA: Ni magidanci ne a Maraɗi. Gas ya fi ƙarfina, ta yaya zan rage cin itace da gawayi?

AMSA: Malam, ka sani cewa a yadda ake toya gawayi a daji, kilo ɗaya yakan cinye kilo biyar zuwa goma na itace, don haka duk tsimin da aka yi a madafa yana da nauyi. A yi amfani da murhu mai kewaye wanda ba ya zubar da zafi maimakon duwatsu uku a sarari, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a shirya kayan miya kafin a hura wuta, in an sauke girki kuma a kashe garwashin a ajiye don gobe. Idan kana da gona, maganin yana ƙasarku. A yankin Maraɗi ne aka soma sassabin zamani a 1983 tare da Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, wato manomi ya bar tohon kututturan da ke gonarsa, ya zaɓi masu ƙarfi ya yi musu aski har su zama itatuwa, kuma ta haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Rassan da ake sassaftowa duk shekara su ne makamashin gida, gawo kuwa yana zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa.