Hannun gem ya ƙi aiki a cikin Tesla

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Tesla Model 3 ƙirar 2022, ta hannu, a nan Bauchi. Yarana sun gano akwai wasanni a allonta, amma da na jona hannun na'urar gem ta PS5 ta ramin USB na tsakiyar kujeru, sai ya riƙa caji kawai, wasan bai san da shi ba. Hannun ne ya lalace ko motar? Daga wani mai karatu a Fadaman Mada.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kwantar da hankalinka, da wuya a ce akwai abin da ya lalace. Ramin da ka jona ne ba nasa ba.

Tun wajen ƙarshen 2021, lokacin da masu ƙera motoci suka shiga ƙarancin ƙananan kayan lantarki, Tesla ta fara fitar da Model 3 da Model Y da yawa waɗanda ramukan USB-C na tsakiyarsu wuta kawai suke bayarwa, ba sa kai saƙo ga kwamfutar motar. Shi ya sa hannun ya kama caji amma wasan bai gan shi ba. Ramin da ke ɗaukar saƙo yana cikin aljihun gaban fasinja, irin mai faɗin nan na da, inda ake sa filashin da kyamarorin motar ke adana bidiyo. Can za ka jona. In ba ka son cire filashin, kuma ban ba ka shawarar cirewa ba, nemi 'yar mahaɗar USB mai ramuka uku ko huɗu, su zauna tare.

Sai kebul. A nan mutane da yawa ke shan wahala a banza. Wasu kebulan masu araha na caji ne zalla, babu wayoyin saƙo a cikinsu, kuma ido ba ya bambanta su. Kafin ka baro shago a Wunti, ka gwada: haɗa wayarka da kwamfuta da shi, in kwamfutar ta nuna hotunan cikin wayar, to ya yi.

Ni dai na fi son Bluetooth, don yara da igiya ba sa rabuwa lafiya. Wata sabuntawar manhaja ta 2023 ta kawo wannan damar, kuma hannun PS5 ne ya fi dacewa da ita. A jikin hannun, danna maɓallin PS tare da ƙaramin da ke hagun faifan taɓawa, ka riƙe har fitilar ta fara ƙiftawa, sannan ka buɗe shafin Bluetooth a allon motar ka zaɓe shi. In bai fito ba, duba manhajar motar. Motar da ta daɗe a hanya tana iya zuwa da tsohuwa. Kunna mata intanet daga wayarka ta sauke sabuwa, amma ka tanadi data. Idan allon ya yi gardama, danne ƙwallayen nan biyu na sitiyari tare har ya mutu ya dawo.

Ba kowane wasa ne ke neman hannu ba. Beach Buggy Racing 2 da sitiyari ma ana yin sa, Cuphead kuwa sai da hannu. Kuma sai motar na fake wasannin ke buɗewa: a Disamban 2021 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta buɗe bincike, Tesla ta toshe yin wasa ana cikin tafiya.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: wasan ba ya cin batir sosai, na'urar sanyaya ɗakin motar ce ke ci, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ka bar su su yi lokacin da take jone da caji, kuma a samu babba a tare da su, kada a bar yara su kaɗai a mota.